FILIN BAKANIKE: Saurari inji kafin ka ƙirga kuɗɗi

Hatsi ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun fito kasuwa, masu aya a ƙasar Maraɗi sun fara jin nauyin aljihu. Wannan shi ne lokacin da dillalan babur suka fi kowa fara'a. Duk ranar kasuwa za ka tarar an jera tsofaffin babura a inuwa, an wanke su tas, an shafe tayoyi har suna ƙyalli, kowane kuma mai shi na rantsuwa cewa Alhaji ne ya hau shi zuwa masallaci kawai.

A wanga wata wani ɗan'uwa manomi daga ƙasar Mayahi ya aiko mana da takarda. Ya ce ya saida wakensa duka da raguna 2, ya sayi babur na hannu, don ɗansa ya yi kabu-kabu da rani maimakon ya tafi ci-rani. Ran da suka saya, injin na da ɗumi, yana tafiya lafiya lau. Bayan sati 2 suka canza baƙin mai, suka ga wanda ya fito mai kauri ne ƙwarai, yana zuba da ƙyar. Tun daga ranar inji ya fara wani kuka. Da safe ba a jin shi sosai. In yaro ya yi nisa, ko ya ɗauki kaya, sai a ji daga ƙasa kamar ana daka a gidan maƙwabta. Bakanike na farko ya ce supap ne, a ba shi kaɗan ya ɗaure. Na biyu ya ce sai an tsaga inji. Tambayarsa ita ce: wa zai gaskata, kuma nawa zai tanada?

Malam, mun gode da takarda. Amsarka na tafe, amma ka yi haƙuri mu bi ta doguwar hanya, domin masu irin damuwarka suna da yawa, kuma wasu ba su kai ga biyan kuɗɗi ba tukuna.

Da farko a san irin injin da ake magana. Yawancin baburan da ke yawo a garuruwanmu yau, ko na Sin ne ko na Indiya, masu bugu huɗu ne: baƙin mai daban a ƙasan inji, esansi daban a tanki. Akwai masu inji a kwance, waɗanda aka kwaikwayo daga Super Cub na Honda, wanda ya fara fitowa a 1958, kuma a 2017 kamfanin ya cika miliyan 100 na irinsa. Akwai masu inji a tsaye da aka kwaikwayo daga CG125, wanda Honda ta fitar a 1975. Shi wannan an ƙera shi ne musamman don ƙasashe irin namu, bayan ma'aikatan kamfanin sun zagaya sun ga yadda ake ɗora wa babur kaya fiye da kima, ana kuma barin mai har ya koma kamar kwalta. Sai suka yi mishi sanduna 2 masu tura supap, ba su sa mishi ƙaramar sarƙa a ciki ba. Mai inji a kwance da Boxer na kamfanin Bajaj suna da wannan sarƙa. Ku riƙe wannan bambanci. Na taɓa ganin an karɓi kuɗɗin sarƙar ciki ga mutumin da injinsa ba shi da ita ko kaɗan.

Tsofaffinmu da suka hau Mobylette sun saba da garwaya mai da esansi, sun saba da shuɗin hayaƙi a baya. Wancan mai bugu biyu ne, hayaƙi al'adarsa ce. Ga mai bugu huɗu kuwa shuɗin hayaƙi ciwo ne.

To, yaya ake sauraro? Ba a kasuwa tsakiyar hayaniya ba. A ja babur gefe, a ɗora shi bisa ƙafarsa ta tsakiya. A fara taɓa inji da bayan hannu. In da ɗumi, a ce wa mai shi za a jira ya huce, ko a dawo da sassafe. Wanda ya ƙi jira, ya riga ya gaya maka abin da kake son sani. Sa'an nan a tada shi, a bar shi a ralanti, wato silo, kada a bari dillali ya kama totur yana ba shi wuta. Ƙarar salansa tana rufe kowane aibi. A samu dogon turnabis, wanda wasu ke ce wa sukundireba, a dafa bakinsa bisa jikin inji, a manna ƙotar ga kunne. Yadda likita ke sa abin sauraro ga ƙirjin majinyaci, haka ne. A dafa a kan inji can sama, a dafa a tsakiya wajen silinda, a dafa a ƙasa ta hagu da ta dama. A yi hankali da sarƙa da salansa mai zafi, kuma mai babbar riga ya naɗe ta.

Abin da kake tambayar kanka shi ne: daga ina kukan ke fitowa, sama ko ƙasa? Ya fi yawa da sanyi ko da zafi? Yana bin gudun inji ko gudun taya? In ka matse hannun ambiriyaji, wato kuloci, yana canzawa? Wanda ya amsa waɗannan ya yi rabin aikin bakanike, kuma ba a yi mishi ciniki a duhu.

Mu fara da na sama. Ƙara siririya, cak-cak-cak, kamar keken ɗinki, daga kan inji, tana ƙaruwa daidai da gudun inji: wannan galibi supap ne, wanda a Najeriya ake ce wa bawul. Tsakanin supap da ƙarfen da ke danna shi akwai ƴar tazara da aka bari da gangan. Ga injin CG milimita 0,08 ce, ga mai inji a kwance kamar 0,05, wato kusan kaurin gashin kai. In tazarar ta buɗe sai a ji ƙara. Gyaran ba shi da wuya, ba a sayen kome, kuɗɗin hannu ne kawai. Amma a nan ne ake cutar mutane da yawa, kuma da yardarsu. Mai babur ya zo ya ce: «Maigida, ka kashe mini ƙarar nan duka.» Yaron gareji ya ɗaure supap tam, da inji mai zafi, ba tare da ƙarfen awo ba. Ƙara ta ɓace, kowa ya ji daɗi. To, ƙarfe in ya yi zafi yana ƙara tsawo. In babu tazara, supap ba ya zama daidai bisa mazauninsa, wuta na ratsawa ta gefe, kuma supap na fitar hayaƙi ta mazaunin nan ne yake sauke zafinsa. Bayan ƴan makonni babur ya ƙi tashi da safe, ƙarfi ya ragu, supap ya ƙone. Abin da ya kamata a gama da kuɗɗin shayi ya koma sai an cire kan inji. Ni dai na fi son in ji ƴar ƙara kaɗan a sama da in ji shiru ƙwarai. A ɗaure supap da inji mai sanyi, da ƙarfen awo, a gabanka.

Kafin a zargi supap ma, a duba wuyan salansa inda ya haɗu da inji. In zoben da ke wurin ya ƙone, iska na fita tsit-tsit-tsit, mai saurin ruɗi ya ɗauka ƙarfe ne. Baƙin toka a gefen wurin ita ce shaida. Wannan gyaran na cikin mafi araha.

In ƙarar ta sama ce amma kamar ana jan sarƙa bisa kwano, shar-shar, ta fi fitowa a ralanti ko lokacin da aka saki totur, to ƙaramar sarƙar ciki ce ta saki, ga injin da ke da ita. Wani lokaci abin da ke matse ta ne ya gaji, ko ƴar tayar roba da take bi ta cinye. Kada a yi wasa da ita. In ta tsallake haƙori, lokacin buɗewar supap ya rikice, pisto na iya dukan supap ya lanƙwasa shi. Ga irin wannan inji akwai wata dubawa mai sauƙi: a kwance ɗaya daga murfin supap inji na tafiya a hankali, a ga ko mai na fantsama. In wurin a bushe yake, mai ba ya hawa sama, a kashe inji nan take.

Yanzu mu sauko tsakiya da ƙasa, inda kuɗɗi suke. Nan ne nake son ɗan'uwanmu na Mayahi ya buɗe kunne.

Pisto, wato fistan, yana hawa yana sauka cikin silinda. In inji na juyi 5000 a minti, pisto ya hau ya sauka sau 83 ke nan a daƙiƙa guda. An yi shi da alminiyom, bangon silinda kuwa baƙin ƙarfe ne. Alminiyom ya fi baƙin ƙarfe kumbura in ya ji zafi. Saboda haka pisto da ya cinye yana kaɗawa cikin silinda da sanyi, ka ji kwal-kwal-kwal kamar ana kaɗa dutse cikin gwangwani, amma in inji ya yi minti 5 ko 10 yana tafiya sai ƙarar ta ragu, don pisto ya kumbura ya cika wurinsa. Dalilin da ya sa dillali ke ɗumama babur kafin ka iso ke nan. Sau da yawa wannan ciwo na tafe da ɗan'uwansa, wato cinyewar zobban pisto, sagima ko ringi. Alamarsu shuɗin hayaƙi in an ba da wuta, mai na raguwa ba tare da yoyo ba, buji na fitowa baƙi da danshin mai, kiki kuma ya yi laushi a ƙafa. Ga wata dabara ta gane ko zobba ne ko supap ke zubar da ƙarfi: a cire buji, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka kiki, makulli a kashe. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. In bai ture ba, a ɗiga baƙin mai kamar cokalin shayi guda cikin ramin, a sake takawa. In ƙarfi ya dawo, zobba ne, don mai ya toshe gefensu na ɗan lokaci. In bai dawo ba, a nemi laifin wajen supap.

Mai kashe pisto da zobba a ƙasarmu ba wani ba ne, ƙura ce. Rairayi ya fi ƙarfen inji tauri. Wanda ya cire soson tace iska don wai babur ya ƙara gudu, ko ya bar shi a yage duk tsawon hunturu, yana zuba wa injinsa garin dutsen wasa wuƙa da hannunsa. In za ka sayi babur, buɗe akwatin soson nan. In ka ga ƙura ta wuce soso ta kwanta cikin bututun da ke zuwa karbirata, ka san inji ya sha ta.

Gyaran pisto iri biyu ne. Ko a kai silinda wajen masu injin faɗaɗawa a birni, a sa pisto mai ƙarin girma, wanda ake samu mataki-mataki: 0,25 da 0,50 da 0,75 har milimita 1. Ko kuma a sayi silinda da pisto da zobba sababbi a kwali guda, abin da ya yi yawa yanzu tun da kayan Sin suka cika kasuwa. A tambayi kuɗɗin duka biyun kafin a zaɓa, a haɗa da kuɗɗin mota zuwa birni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sa sababbin zobba cikin silinda da ta riga ta zama ƙwai. Hayaƙi zai tsaya wata guda ya dawo.

Ƙarƙashin pisto akwai sandar da ke haɗa shi da babban ƙarfen da ke juyawa. Sandar ita ce biyel, wasu su ce kwanrod. Babban ƙarfen shi ne bilbireke, ko kiransha. A gindin biyel akwai ƴan ƙananan ƙarafa masu mirginawa, kuma duk bugun wuta bisa kansu yake sauka. In sun cinye, kukan ba siriri ba ne. Duk-duk-duk ne mai nauyi, daga ƙasa, kana jin shi har a tafin ƙafa bisa matakai. Kuma halinsa kishiyar na pisto ne. Da sanyi mai na da kauri, yana cika gurbin, ƙara ta ɓoye. In inji ya yi zafi mai ya tsinke, sai duka ya fito fili, ya fi yawa in an ɗauki kaya ko an murɗa totur an saki. A taƙaice: wanda ya yi kuka da sanyi ya yi shiru da zafi, pisto ne, wanda ya yi shiru da sanyi ya yi kuka da zafi, a ji tsoron biyel.

Masu son zuciya sun san wannan sarai. Sai su zuba man giyar mota mai lamba 90 ko 140 cikin inji kafin ranar kasuwa. Mai kauri irin wannan yana rufe bakin biyel na ƴan kwanaki, yana kuma ƙarasa kashe sauran inji, don ba ya saurin hawa sama da safe. Saboda haka a zaro sandar awon mai, a murza man tsakanin yatsu. In yana ja kamar zuma, ko yana warin man giya, a mayar da makulli a yi sallama.

Akwai kuma rulma, wato boris, guda 2 da ke riƙe da bilbireke hagu da dama. Su kukansu gurnani ne, gur-gur-gur, ba ya tsayawa, yana ƙaruwa da gudun inji. In an cire murfin hagu aka kama maganeto da hannu aka girgiza sama da ƙasa, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Shi da biyel duk hanyarsu guda: sai an sauke inji an raba shi biyu.

Wani kuka kuma ba na cinyewar ƙarfe ba ne, amma yana kai ga haka. In ana hawan tudu ko ana ratsa rairayi da babbar giya, rana tsaka, sai a ji ƙil-ƙil-ƙil kamar an watsa tsakuwa cikin kwano. In an rage giya sai ya ɓace. Wannan esansi ne ke fashewa da kansa maimakon ya ci wuta a hankali. Abin da ke kawo shi: zafi ya yi yawa, ko gawayi ya taru bisa kan pisto, ko karbirata na ba da iska fiye da mai, ko kuma esansin ne ba shi da kyau, musamman wanda aka garwaya da kananzir. Matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki tun 2011, amma mutumin ƙauye sau da yawa kwalbar bakin hanya ce kusa da shi. Ba duka masu kwalba ne ke garwaye ba. Ka dai riƙe mutum guda da ka sani, ka sa a tace maka da ƙyalle mai tsabta, in kuma ka ji tsakuwar nan bayan ka sha mai a baƙon wuri, ka san inda ta fito. A cire buji a duba: ja-ja kamar ƙasa lafiya ne, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat kuwa inji na ƙuna. In an bar shi haka, pisto na iya hujewa.

Sauran ƙararraki ba za mu daɗe kansu ba. Kaca-kaca daga dama a ralanti, wadda ke ɓacewa in an matse hannun ambiriyaji, kwandon ambiriyaji ne ya yi sako-sako. Ana iya tafiya da shi a tara kuɗɗi. In inji na ihu babur ba ya gaba, faifan ambiriyaji ne suka cinye, ko an zuba man mota mai santsi. A nemi galan mai alamar JASO MA, shi ne na babur. Ƙarar da ke bin gudun taya, wadda ba a ji in babur na tsaye, ba ta inji ba ce: babbar sarƙa ce, ko haƙoranta, ko rulman taya. Sarƙa na son sassauci kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. In haƙoran sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya, a canza sarƙa da faifan haƙora na gaba da na baya gaba ɗaya. Sabuwar sarƙa bisa tsofaffin haƙora asarar kuɗɗi ce. Kuma kafin a ɗaga hankali, a bi notuna da maɓalli: marfin sarƙa ko ƙarfen salansa da ya kwance ya sha sa mutum ya kwana bai yi barci ba.

To, batun kuɗɗi. Farashin kayan gyara yana bin abin da ya fi ƙarfin gareji. Manya sun tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga 50 ya koma 100, kayan waje suka yi tsalle. Na baya-bayan nan kuma mun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ga hawa da saukar naira. Saboda haka kafin ka yarda da kowane farashi, taka da ƙafarka shago 3 ka tambaya a ranar. Abin da ba ya canzawa shi ne tsanin aikin. Matakin ƙasa shi ne abin da ake yi ba a buɗe inji ba: supap, buji, wanke karbirata, zoben salansa. Na biyu, a cire murfin gefe: ambiriyaji, abin matse sarƙar ciki. Na uku, a cire kan inji da silinda: pisto, zobba, supap da ya ƙone. Na huɗu, a sauke inji a raba shi: biyel, rulma, haƙoran giya. Kowane mataki ya fi na ƙasansa tsada nesa, kuma wanda ya hau na huɗu da wuya ya sauko bai biya na uku ba, domin in an buɗe aka ga pisto ya gaji, ba mai hankalin da zai mayar da shi.

Mutane kan ƙirga kuɗɗin ƙarfe da na hannu su tsaya nan. Akwai sauran. Takardun haɗin inji, juwan ko gaskit, ba a mayar da tsofaffi. Baƙin mai sau 2, domin bayan babban gyara ana zubar da na farko da wuri. Kuɗɗin kai babur gari. Kwanakin da yaro zai zauna ba ya aiki. Bayan gyara kuma sai an lallaɓa inji kilomita 500 ko fiye, ba gudu, ba buhu 3 a baya.

Ga lissafi irin na allo, lambobin na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsu. A ce ga babura 2. Na farko jikka 200, yana duka daga ƙasa. Na biyu jikka 240, supap kawai ke ƙara. A ce kayan gyaran na farko jikka 30, hannu jikka 10, juwan da mai da buji jikka 5, zaman kwana 5 ba aiki a jikka 3 kowace rana, jikka 15 ke nan. An tashi a jikka 60. Mai arahar ya koma 260, ya wuce ɗayan da jikka 20, kuma har yanzu inji ne da aka tsaga. Araha ba ta ado. In kuwa ka ji ciwon kuma duk da haka kana son babur ɗin, to ka yi wannan lissafi a gaban mai shi, a cire daga farashi, da shaidu.

Kayan gyara kuma suna da daraja hawa-hawa ko da kwalinsu iri guda ne. Ga abin da ke waje, madubi ko marfi, sayi mai araha ba laifi. Ga biyel da rulma, waɗanda in sun mutu sai an sake biyan kuɗɗin tsaga inji, sayi mafi kyau da aljihunka zai iya. Ka tafi shago tare da bakanike, ka biya da hannunka, ka ce a ba ka tsofaffin da aka cire. Bakanike na kirki ba ya jin haushin wannan. In lissafin gyara ya haura rabin kuɗɗin sabon inji ɗungurungum, tambayi farashin sabon, amma ka tuna inji na da lambarsa, ka riƙe takardar sayensa tare da sauran takardun babur. Tun wajen saye ma a gwada lambar da ke jikin ƙarfen babur da wadda ke cikin kartigiris da takardar duwan. Babur marar takarda, kome daɗin kukansa, rigima ce.

Yanzu ga amsarka, Malam. Abin da ka rubuta duka ya nuna wuri guda. An saida maka babur da ɗumi. Man da ka tarar ciki mai kauri ne. Da ka zuba na daidai sai kuka ya fito. Kukan daga ƙasa yake, mai nauyi ne, yana ƙaruwa da zafi da kaya. Supap ba ya haka. Maganar bakanike na biyu ta fi kusa da gaskiya, kuma sabon man da ka zuba ba shi ne ya ɓata inji ba, tona asiri kawai ya yi. Kada wani ya ba ka shawarar mayar da mai kauri.

Ka ce wa yaro ya ajiye babur daga yau. Biyel in ya tsinke a guje yana fasa jikin inji, wani lokaci taya ta baya ta cije, ga shi da fasinja. Kafin ka biya kuɗɗin tsagawa, a yi abu 2 a gabanka. A zubar da mai cikin farin kwano mai tsabta, a kai rana. In ka ga yana ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ka ja maganaɗisu a ciki. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, daga rulma ko biyel ya fito. Sa'an nan a cire kan inji da silinda kawai, a juya har biyel ya zo sama, ka kama shi da hannunka. Ɗan motsi gefe da gefe halinsa ne. Ka ja sama ka danna ƙasa. In ka ji ɗan ƙwas, ko yaya yake, to a tsaga. In babu, an tsaya a mataki na uku, ka tsira da kuɗɗinka. Wajen gyara ka tambayi farashi iri 2: canza biyel kaɗai, wanda sai an kai wurin masu injin matsewa kuma a daidaita shi sosai, da sayen bilbireke sabo da biyel ɗinsa a haɗe. In bambancin kaɗan ne, ɗauki na biyun, ka sa a canza rulma 2 tun da an riga an buɗe. A wanke ƴar ragar tace mai da ke ƙasan inji, da kwanon tace mai da ke bayan murfin dama, don garin ƙarfen da ya maƙale ciki kada ya koma cikin sabon aiki.

Game da wanda ya saida maka, in an yi cinikin gaban shaidu kuma ya ce inji lafiya yake, ka ajiye man nan da tsohon biyel, ka nemi dillalin da shugaban ƴan kasuwar babur na wurin, a zauna. Sau da yawa akan raba kuɗɗin gyara.

Bayan an gama, injin nan lita guda ko ƙasa da haka yake sha. A ƙurarmu da zafinmu, ka sa yaro ya canza mai duk kilomita 1000, mai lamba 20W-50, daga galan da aka buɗe a gabansa, ya kuma duba sandar awo kowace safiya kafin ya taka kiki. Soson iska a wanke shi duk sati da hunturu, ya bushe, a ɗan shafa mishi mai a matse kafin a mayar.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba birki da tayoyi, domin takardu 2 sun iso bisa wannan daga wajen Madawa da Mirya. Mai tambaya ya rubuto ta hannun malamin yaƙi da jahilci na garinsu, ya faɗi irin babur ɗin, da inda kukan ke fitowa, da lokacin da yake yin shi.